AMSAR TAKARDUNKU: Kama Ɗakin Haya A Fagge, Da Labarin Birnin Amstadam

Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga Kunci, can arewacin Jihar Kano, daga hannun wani magidanci manomi, wanda kuma yakan taɓa fataucin atamfa a kasuwannin ƙauye idan an kau da amfanin gona.

Ya ce yana so ya kama ɗaki a Fagge, kusa da Kantin Kwari, saboda shi da babban ɗansa wanda yake so ya koyi kasuwa. An haɗa shi da wani dillali ta waya, dillalin ya ce akwai ɗaki amma jama'a na rububinsa, sai ya aiko da kuɗin shekara guda da la'ada kafin Juma'a, in ba haka ba wani ya kama. Shi kuwa ba zai iya haɗa kuɗin ba sai ya buɗe rumbu. Tambayoyinsa uku ne. Shin ya aika? Me ya sa ɗaki ɗaya tak yake da wannan tsada? Sa'an nan wai da gaske ne abin da ya ji, cewa a ƙasar Holan, inda ake buga atamfar nan mai tsada, mutum yakan yi shekaru yana jiran gidan haya?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya bar zumunci. Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: kada ka aika ko kwabo sai ka je ka ga ɗakin da idonka, ka kuma ga mai gidan. Abin da ake so ka yi shi ne Bahaushe yake kira cinikin biri a sama. Za mu komo kan wannan, amma bari mu fara da dalilin tsadar.

Ka sani ba bulo da kwanon rufi kake biya a Fagge ba, kusanci kake saye. Tun zamanin da, Fagge zango ce ta fatake a bayan ganuwar birni, inda ayari yake sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya ƙara tattaruwa a wannan sashe. Yau mai kwana a Fagge yana iya takawa da ƙafa zuwa Kantin Kwari, ko kasuwar Singa, ko kasuwar Sabon Gari, ba tare da ya ba mai Adaidaita Sahu komai ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9 da dubu 400, daga nan kuwa ƙaruwa ake ta yi, amma filin Fagge bai ƙaru da taku ɗaya ba. Daɗin daɗawa, gidajen kwana da dama a kewayen kasuwa sun koma shaguna da wuraren ajiye kaya, saboda dilar atamfa ta fi ɗan haya kawo wa mai gida kuɗi. Watau kai da 'yan kasuwa masu jari kuke takara a kan ɗakin nan. Ka dai san yadda gero yake yi a watan Agusta idan rumbuna sun yi ƙasa, masu nema sun yi yawa. To, haka ɗaki yake a unguwar da kowa ke so, sai dai shi ba ya da kaka balle farashi ya sauko.

Game da Holan kuwa, abin da ka ji gaskiya ne. Atamfar da kake nufi ana buga ta a wani gari mai suna Helmond, a kamfanin Vlisco wanda aka kafa tun 1846. Amma inda wahalar gida ta fi tsanani shi ne babban birninsu, Amstadam, mai mutum sama da 900,000. A can akwai wata unguwa da suke kira Yordan, a gefen tsakiyar birni, tsakanin magudanan ruwan da suka ratsa garin. An fara gina ta wajen shekarar 1612 saboda leburori da masu sana'ar hannu, ta kuma daɗe tana unguwar talakawa mai cunkoso. Daga baya aka gyara tsofaffin gidajen, masu hali suka gane cewa daga nan ko'ina kusa ne, da keke ko da ƙafa, sai ta zama ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi tsada a ƙasar. Ka ga ke nan ciwon Fagge da na Yordan iri ɗaya ne.

Haya iri biyu ce a can. Akwai gidajen ƙungiyoyin samar da muhalli, masu rangwame, waɗanda ake ba masu ƙaramin ƙarfi. Mutum yakan rubuta sunansa ya shiga layi, kuma a Amstadam jiran yakan wuce shekara 10. Akwai kuma gidajen 'yan kasuwa, inda babu layi amma akwai tsada. Mai gida yakan nemi ka nuna takardar albashi, ya ga abin da kake samu a wata ya ninka kuɗin hayar sau uku ko huɗu, ranar duba gida kuma ka tarar da masu nema cike da ƙofa. A 2024 an ƙiyasta ƙasar tana da giɓin gidaje kusan 400,000. Kuma kada ka ɗauka babu macuta a can. Akwai masu sa hoton ɗakin da ba nasu ba a intanet, su ce wa baƙo ko ɗalibi ya aiko da kuɗi maza kafin wani ya riga shi, in ya aika shi ke nan. Ka ji ko wannan magana ta yi kama da wadda aka yi maka a waya?

Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu shi ne rubutu. Suna da tsarin ba gida maki, ana duba faɗinsa da kayan da ke ciki, makin ne yake nuna iyakar kuɗin da za a karɓa a kan ƙananan gidaje, kuma daga 1 ga Yuli 2024 aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da matsakaitan gidaje. Akwai kwamitin haya da ɗan haya zai kai ƙara in an tsauwala masa. Wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2023 ta wajabta a rubuta yarjejeniyar haya, ta kuma hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata biyu. Su wata-wata suke biya. Mu nan kuwa al'adar birni ita ce a biya shekara guda gaba ɗaya tun kafin a kwana, saboda haka in aka cuce ka, gumin damina ɗungurungum aka ɗauke. Wannan ya sa kai ka fi Baturen Holan bukatar takarda da shaidu. Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malamai suna tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

To, ga yadda za ka yi. Da farko ka shirya ka je da kanka, zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka tafi kai kaɗai, ka nemi ɗan garinku da ya daɗe a Kwari, ko maigidan da kake sarin kaya a wurinsa, ya raka ka. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma akwai dillalai masu amana da yawa, amma dillalin kirki ba ya jin haushi don ka ce sai ka ga mai gida. In aka ce mai gida ya yi tafiya, ka ce za ka jira. In aka ce wakili ne, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa ko sun san shi da wannan wakilci. Gidajen gado suna da yawa a tsofaffin unguwanni, wani magaji yakan ba da haya, bayan wata biyu 'yan'uwansa su zo su ce an sa gidan a kasuwa za a raba gado. Mai unguwa ya san irin waɗannan gidaje, gaisuwar da za ka kai masa ba za ta zama asara ba.

Na biyu, in ka shiga ɗakin kada ka tsaya kallon sabon fenti. Ɗaga kai ka dubi rufi ko akwai tabon yoyo. Sunkuya ka dubi gindin bango, in ruwa ya taɓa kwanciya za ka ga alamarsa. Fita ka dubi kwata da lambatun ƙofar gida. Waɗanda suke Kantin Kwari a watan Agusta na 2022 ba su manta da ambaliyar da ta shiga shaguna ta jiƙa kaya ba, kai kuma atamfa za ka riƙa ajiyewa a ɗakin. Tambayi mutum nawa suke amfani da masai ɗaya, kuma wa yake biyan kuɗin yashe shi in ya cika. Tambayi ruwa: akwai famfo ko rijiya, ko kullum sai an saya wurin 'yan garuwa? Tambayi wuta: mita mai kati ce, ko akwai tsohon bashi da za a ɗora wa sabon shiga? Waɗannan tambayoyi ka yi wa 'yan hayan da ke ciki, bayan dillali ya ba da baya.

Na uku, a rubuta. Ko da boko ko da ajami, takardar ta nuna sunan mai gida da naka, da wane ɗaki ne, da kuɗin shekara, da ranar shiga da ranar cika, da wanda gyaran rufi da na masai yake kansa, da tsawon sanarwar da za a ba ka in ana son ƙarin kuɗi ko ana son ka tashi. A rubuta cewa ɗanka zai zauna a ciki ko ba ka nan. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗin haya a hannun mai gida ko tabbataccen wakilinsa za ka sa, ka karɓi rasit. La'adar dillali kuwa a yanke ta tun kafin a fara yawo, a biya bayan mabuɗi ya shigo hannunka. In rigima ta taso daga baya, ko gaban mai unguwa ko gaban alƙali, wannan 'yar takarda ita ce bakinka.

Saura lissafi, wanda shi ne ya fi damunmu da takardarka, tun da ka ambaci rumbu. Ka mai da kuɗin hayar buhuna: buhu nawa na gero ko na wake za ka sayar? In abin da zai rage ba zai kai iyali sabuwar kaka ba, har da iri da kuɗin taki, to ɗakin nan ya fi ƙarfinka bana, kome kyansa. Wanda ya sayar da hatsi da kaka yana araha, ya komo yana awo da damina yana tsada, ya biya hayar nan sau biyu. Ka kuma tuna kai manomi ne. Daga saukar ruwa wajen watan Yuni har a gama girbi kana gona, watau za ka biya wata 12 ka kwana wata bakwai ko ƙasa da haka, sai fa in yaron zai zauna.

Sa'an nan ka auna nesa da kusa. Mai shigowa Kano ta hanyar Bichi yakan wuce Dawanau, da Bachirawa, da Rijiyar Lemo, da Kurna kafin ya kai Fagge, kuma yawanci ɗaki yana sauƙi gwargwadon nisansa da kasuwa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi. Alal misali, mu ƙaddara zuwa da komowa Naira 1,000 ne a rana. In yaro ya fita kwana 300 a shekara, Naira 300,000 ke nan ta tafi a hanya, in ku biyu ne ka ninka. Ka tambayi ainihin kuɗin motar, ka haɗa shi da hayar ɗakin nesa, sa'an nan ka gwada da ta Fagge. Wani lokaci mai tsadar ne mai arahar, wani lokaci kuma a'a. Alƙalami ne zai raba gardama.

Akwai kuma hanyar iyaye da kakanni. Fatake ba su san kama ɗakin shekara ba, wurin fatoma suke sauka, ya ba su masauki, ya adana kayansu, ya samu la'adarsa a cinikin. Har yanzu 'yan gari ɗaya sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki guda, yaran kasuwa da yawa kuma a hannun iyayen gidansu suke kwana. Shawararmu ita ce bana ka damƙa yaron ga maigidan da ka yarda da addininsa da amanarsa, ko ku haɗa ɗaki da mutanen Kunci da suka riga ku zama. Ya yi shekara ya san gari, ya san wane layi ne ruwa ke ci, wane mai gida ne mai mutunci. Baɗi in ciniki ya kankama, ribar kasuwa ta biya ɗakin kasuwa, rumbu ya tsaya wa gida.

Dillalin da ya ce sai kafin Juma'a kuwa, ka gaya masa kana tafe ranar Asabar tare da mutuminka. In ɗakin na gaskiya ne kuma rabonka ne, za ka same shi. In ya ce ya riga ya fita, ka yi hamdala, kuɗin mota kaɗai ka kashe.

Malam, da fatan mun warware maka. A gai da mutanen Kunci da kewaye, Allah Ya sa albarka a noma da kasuwa, Ya shirya mana zuriya. Sauran masu sauraro, a ci gaba da aiko da takardu, a riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.