Jawabin Ƙungiya a Taron Ƴan Dogo-Dogo: Yaranmu Nakasassu Sun Fara Tsayawa da Ƙafarsu



Yau mun taru ne don mu yaba wa waɗansu samari da ƴanmata waɗanda da can ake ɓoyewa a ɗaka. Akwai makahon da yanzu yake zuwa rijiya da sandarsa, ba ɗan jagora. Akwai kurmar da take sai da ƙuli-ƙuli, tana ƙidaya canji da sefa da naira, ba mai cutar ta. Akwai mai jinkirin fahimta wanda yake wanke tufafinsa, yana kuma ba tumaki ruwa safe da yamma. Kowannensu ya sha wata da watanni yana maimaitawa kafin hannu ya faɗa. Iyayensu mata su ne malamai: a raba aiki ƙanana-ƙanana, a nuna, a bar yaro ya gwada, in ya kuskure a sake ba da tsawa ba.

Kada mu raina shekarunsu. Luwi Birai na ƙasar Faransa ya makance yana yaro, kuma yana da shekara 15, a 1824, ya tsara rubutun makafi mai ɗigo 6 wanda ake karantawa da yatsa. Har yau da shi ake koyarwa a makarantar makafi ta Yamai. Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, ta kuma yi musu doka a 2019. Amma takarda ba ta koya wa yaro ɗaura guga. Wannan aikinmu ne.

Jama'a, akwai abin da ke damun mu. Da rani ya yi, sai a ɗauki yaro mai nakasa a tafi da shi bara birni. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, galibinsu mata da yara. Yaron da ya iya sana'a, da wuya a ɗora shi kan wannan hanya. Kuma iyaye ba za su dawwama ba. In sun kau, abin da ya koya shi zai riƙe shi.

Saboda haka muna roƙo uku. Teloli, maƙera da masu gyaran babur, kowa ya karɓi yaro guda. Ƴan ci-rani, in za ku aiko da saƙo, ku haɗa da kayan aiki: keken ɗinki, ko tunkiyar kiwo. Iyaye kuwa, a kai jarirai rigakafi, domin ƙyanda tana makantarwa, sanƙarau yana kurmantarwa.

Ku kuma yaranmu, mun ga ƙoƙarinku, mun gode. Allah ya ƙara muku basira, ya mai da kowa gida lafiya.