Shawarar Gari Tana Farawa Daga Zaure

Yau maganarmu a kan majalisa ce, watau yadda hukuma ke jin ta bakin mutanen gari kafin a yanke abin da ya shafe su.

Dattawan cikinku sun ga zamanin En'e, lokacin da aka yi ta kafa majalisun gunduma da na ƙauye don kada hakimi da dagaci su riƙa yanke magana su kaɗai. A 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. 'Yargalma tana ƙarƙashin Bukkuyum, Dareta da Bagega kuwa suna ƙarƙashin Anka, kowace mazaɓa da kujerar kansilanta.

To, amma kansila yana can hedkwata, bai san abin da ke tsakar gidanka ba. Ku tuna da 2010. Yara suka yi ta mutuwa, har likitocin MSF suka zo, aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Allah ya ji ƙansu.

Magani kuwa ba shi da amfani in yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole a kankare ƙasar. Wa zai shiga gidan mutum da shebur ba da yardarsa ba? Sai da aka zauna da sarakuna da masu gari da magidanta, aka yarda a fitar da niƙan dutse bayan gari. Mutanen gari da kansu suka kankare ƙasa, aka kai rami aka binne, aka zubo sabuwa. Da 'Yargalma da Dareta aka fara a shekarar. Bagega sai 2013, saboda jiran kuɗi.

Saboda haka, in mai gari ya sa an yi shelar taro, ko na rijiya ne ko na wurin injin niƙa, ka zo. Kafin ka fito ka tambayi iyalinka, gama su suka san inda yara ke wasa. Abin da aka shirya, a sami mai karatu ya rubuta takarda biyu, da kwanan wata. Ɗaya a ba kansila ya kai majalisa, ɗaya ta zauna a hannun mai gari. In an yi wata uku shiru, a ɗauko ta mai gari, a aika a kira kansila.