Ɗalibi Da Wasiƙar Imel

Wannan jawabi ne da wani malami ya yi wa samari da 'yan mata masu shirin shiga karatu ta intanet. Mun kawo shi don amfanin masu karatunmu.

 

Dattawan da ke cikinmu za su tuna yadda ake karatu daga nesa a da. Makaranta ta aiko maka darasi ta gidan waya. Ka amsa tambayoyi, ka sa a ambulan, ka manna kan sarki, ka jefa a akwati. Daga nan sai jira, mako biyu ko uku. Yanzu akwatin nan ya dawo cikin wayar hannu. Sunansa imel. Ka aika yanzu, ya isa yanzu.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika irin wannan saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata. Shi ne ya zaɓi alamar nan @ da kuke gani a kowane adireshi. Mu dai ya fi shigo mana a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu. Yau idan za ka shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, ko sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai an tambaye ka adireshin imel.

To, ga maganar da ta fi komai muhimmanci. Akwatinka naka ne, makullinsa kuma ya zauna a hannunka.

Bari in ba ku labari. Wani ɗalibina ya je shagon kwamfuta a gari, ya ce wa yaron shagon ya buɗe masa imel. Yaron ya buɗe, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, ya kuma sa lambar wayarsa a ciki. Ɗalibin nan bai tambaya ba, ya biya kuɗi ya kama hanyar gida. Bayan wata huɗu makaranta ta aiko da ranar jarrabawa. Ya koma shago, aka ce ai yaron ya bar garin. Akwati na nan, wasiƙa na ciki, makulli babu. Haka jarrabawa ta wuce shi, ga kuɗin makarantar kuwa sai da ya sayar da awaki biyu ya biya.

Saboda haka ba laifi a taimaka maka wajen buɗewa, amma ka tsaya a wurin. Kai za ka zaɓi kalmar sirri. Ka haɗa haruffa da lambobi, kada ta gaza guda takwas. Kada ka sa sunanka ko shekarar haihuwarka, kowa zai iya cankarsu. Ka rubuta ta a littafi ka ɓoye a gida, inda kake ajiye takardar gona. Ka lura, babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a kalmar sirri. Lambar waya kuma taka za ka sa. Ran da ka manta kalmar, ta wannan lamba za a turo maka wasu lambobi ka sake buɗewa. Kada ka yar da layin, don layin da ya daɗe ba ya aiki kamfani kan ba wani.

Adireshi kashi uku ne: suna, sai alamar @, sai sunan kamfani, misali gmail.com. Ba a barin fili a tsakani. Harafi ɗaya ya kuskure, wasiƙa ta dawo maka ko ta tafi gidan wani. Ka sa sunanka na gaskiya. Na taɓa samun wasiƙa daga wani da ya kira kansa sarkin samari. Ina zan nemo makinsa a rajista?

Yanzu rubutun kansa. A layin da aka rubuta To, nan za ka sa adireshin malami. A layin Subject kuma ka faɗi dalilin wasiƙar a taƙaice, misali: Aikin gida na biyu, darasi kaza. Kada ka bar shi wayam. Malami yana da ɗalibai da yawa, wannan layi yake fara dubawa.

Imel ba hirar WhatsApp ba ce. Kada ka rubuta "slm" kaɗai ka zauna jiran amsa. Ka yi sallama, ka faɗi cikakken sunanka da lambarka ta makaranta, ka faɗi buƙatarka, ka yi godiya. Layi biyar ma sun isa. Ka karanta sau biyu kafin ka tura.

Idan aikin gida za ka aika, akwai wata alama mai kama da ƙarfen maƙale takardu. Ita za ka taɓa ka ɗauko aikin. In hoton takarda ne, ka ɗauka a cikin haske, rubutu ya fito raɗau. Gmail ba ya maƙala abin da ya wuce megabait 25. Mu da sabis ke yi mana wuya, sai mun duba akwatin Sent mu tabbatar wasiƙa ta fita. Wani lokaci tana nan maƙale har sai ka hau tudu.

Ku riƙa leƙa akwati ko da sau ɗaya a kwana biyu. Ku leƙa na Spam ma, don wasiƙar makaranta kan faɗa can bisa kuskure. Amma ku yi hattara, 'yan damfara ma suna aiko wasiƙa. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka, ko lambar BVN, ko lambobin katin banki, kada ka ba shi, ko da ya ce daga makaranta yake. Ka kira ofishin makarantar ka tambaya.

Ga aikinku na wannan mako. Kafin ranar kasuwa mai zuwa, kowa ya turo mini wasiƙa ɗaya daga akwatinsa, da sunansa, da hoton shafi ɗaya na rubutun hannunsa. Adireshina yana kan allo, ku kwafa a hankali. Wanda ba shi da data ya tsaya bayan an tashi, mu yi da wayata.