Shirun Yaro Ma Magana Ce
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa gabanku. An ce in yi magana a kan tarbiyyar matasa, ni kuwa na zaɓi ɓangaren da ba mu cika taɓowa ba, wato lafiyar ƙwaƙwalwa da kwanciyar hankalin 'ya'yanmu. Ni ba likita ba ne. Uba ne da ya yi kuskure, Allah Ya sa aka farkar da shi da wuri.

Shekarar da ɗana na fari ya kasa samun makin JAMB karo na biyu, sai ya shige ɗaki ya daina fita. Ƙwallon da ba ya fashi ya bar ta, abinci kuwa sai an matsa masa. Na ɗauka lalaci ne. Na yi faɗa, na yi ta kwatanta shi da ɗan maƙwabcinmu da ya shiga jami'a. In na dawo gida sai ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ni kuwa in ce ladabi ne. Muna haka har wata uku, sai ƙanwata ta zo ta kwana biyu. Ranar da za ta koma ta jawo ni gefe ta ce, "Yaya, yaron nan ba shi da lafiya. Ya ce mini bai ga amfanin zamansa a duniya ba." Nan take jikina ya yi sanyi.

Me ya sa ya faɗa wa goggonsa, bai faɗa mini ba? Kun san amsar. Mun taso a gidajen da uba ke jin kunyar ɗan fari, wani ko sunansa ba ya kira. Amma a wancan tsari yaro bai rasa wurin kai kuka ba: ga kaka abokiyar wasa, ga kawu, ga goggo, duk a kusa. A makarantar nan ma, malamanmu da ke zaune a nan sukan lura da wanda ya daina zuwa ɗakin cin abinci, su kira shi su tambaye shi. Yau mun koma birni, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Mun riƙe kunyar, amma mun baro kakannin da goggonnin a gida. Abin da ya rage wa yaro shi ne waya.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya daga cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da yawan fargaba suna kan gaba. Masana sun kuma nuna cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Saboda haka matashi yana jin zafin abu kamar babba, amma birkinsa bai gama kamawa ba.

To, me za mu lura da shi? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. In yaro ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya guji abokai, barcinsa da cin abincinsa suka canza, karatunsa ya ja baya, ko ya riƙa fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, to a tsaya a duba. A matasa, damuwa takan fito da siffar fushi, mu kuwa mu kira ta rashin kunya. Wasu kuma sukan nemi sauƙi a shaye-shaye. Mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a garuruwanmu, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

Ga abin da na koya. Na ɗaya, a saurara kafin a yi wa'azi. Ni da ɗana mun fara magana ne a mota, ina tuƙi yana gefe, domin ba ido cikin ido. Na biyu, a daina gori da kwatance. Jarabawa ana sake ta. Na uku, in kunya ta hana ka, ka naɗa wani amintacce, kawu ko goggo ko malami, ka gaya wa yaron cewa ka yarda ya je wurinsa. Na huɗu, a kula da barci. Matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, waya kuwa a ƙarƙashin matashin kai ba ta bari. Na biyar, kuma mafi nauyi, in yaro ya ambaci mutuwa, kada a ce wasa yake yi. A tambaye shi kai tsaye, domin tambaya ba ta cusa masa tunanin. A kawar da maganin ƙwari da sauran magunguna daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kada mu ji kunyar asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin marar lafiya. Addu'a makaminmu ce, amma mai zazzaɓi ma ana yi masa addu'a ana ba shi magani. Ɗana ya ga likita na wasu watanni, kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi ya koma karatu.

Daga ƙarshe, ina roƙon ƙungiyar nan, kamar yadda muka gyara azuzuwa, mu ware wani abu domin horar da malamin ba da shawara a wannan makaranta. Kowannenmu kuma in ya koma gida yau, ya zauna da ɗansa ko 'yarsa ya tambaye shi yadda yake, sa'annan ya yi shiru ya ji amsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.