TATTALIN WUTA A KWAMFUTA: JAWABI GA MA'AIKATAN OFIS

Manufar wannan jawabi ita ce faɗakar da ma'aikata yadda kwamfuta take raba wutar lantarki ga na'urorin da ake jona mata, kamar linzami, da allon madannai, da injin buga takardu, da faifan ajiya.

Tun shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta damƙa ragamar wuta a hannun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows da Linux. A wannan shekara kuma kafar USB ta fito. Kafar USB 2.0 tana iya ba na'ura miliamfiya 500, amma na'urar da aka sa barci ba ta wuce miliamfiya 2.5, wato kashi ɗaya cikin 200. Saboda haka manhaja takan sa duk na'urar da ba ta aiki barci, sauran kuwa su ci gaba da nasu. Wannan babban taimako ne ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman in an ɗauke wuta ya dogara da batir.

To, amma ba kowace na'ura ce ke farkawa lafiya ba. Wata in ta yi barci sai kwamfuta ta daina ganinta, sai an zare an sake jonawa. In linzami ne, abin bai wuce ɓacin rai ba. In kuwa faifan ajiya ne ya yanke ana tsakiyar rubuta masa bayani, aikin wata guda na iya salwanta. Don haka ana jan hankalin ma'aikata ga abubuwa huɗu.

Na farko, kada a kashe tsarin tattalin gaba ɗaya saboda na'ura guda. A Windows, a shiga sashen lura da na'urori, a nemo wadda ke ba da wahala ko kafar da take jone, a cire mata alamar da ta ba kwamfuta izinin yanke mata wuta.

Na biyu, cikin zaɓuɓɓukan wuta akwai tsari dabam na lokacin batir, da na lokacin da aka jona soket. Ana iya barin tattali a na batir kaɗai.

Na uku, a hana linzami izinin tayar da kwamfuta in za a sa ta a jaka. Motsi kaɗan kan farkar da ita, ta yi zafi, batir ya ƙare a banza.

Na huɗu, kada a zare faifai sai an nemi manhaja ta sallame shi tukuna.

Rigakafi ya fi magani. Ma'aikacin da ya bambance na'urar da ta cancanci barci da wadda dole ta zauna a farke, ya tsare batirinsa, ya kuma tsare takardun da aka ba shi amana.