Ba Kowane Zafin Ƙirji Ne Olsa Ba



An ɗora mana nauyin yin magana a kan lafiya, sai muka zaɓi larurar da da wuya a sami gidan da ba ta leƙa ba, wato ƙwannafi. Da yawanmu, da zarar ƙirji ya ɗau zafi bayan tuwon dare, sai mu yanke wa kanmu hukuncin cewa olsa ce, mu aiki yaro kemis. Wasu sun shekara goma a haka ba tare da likita ya taɓa duba su ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ƙwannafi daban, gyambon ciki daban, kuma kowanne da hanyar maganinsa.

Bari mu fara da ƙwannafi. A inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka mai aiki kamar bakin jakar zariya: ya buɗe abinci ya wuce, sannan ya tsuke. Tumbi yana fitar da ruwan asid don narkar da abinci, kuma bangonsa na da wani yauƙi da ke kare shi daga ƙuna. Maƙoshi ba shi da irin wannan kariya. Idan zoben ya saki, asid ya yi sama, sai mutum ya ji zafi a tsakiyar ƙirji, ko ruwa mai tsami ya taso masa har baki. Wasu kuma tarin dare ne ke damunsu, ko su wayi gari murya a dushe.

Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: cika ciki fiye da kima, kwanciya da an gama cin abinci, ƙiba musamman teɓa, juna biyu, da shan taba. Abinci mai maiƙo, attaruhu, goro, kofi da lemon kwalba suna tayar wa mutane da yawa, amma ba kowa da kowa ba. Kowa ya lura da abin da ke tayar masa, ya rage shi.

Ita kuwa olsa gyambo ce ta gaske a bangon tumbi ko a farkon hanji. An daɗe ana ɗora laifinta a kan yunwa da yaji da damuwa, har sai da wasu likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawanta. Wannan aiki ya ba su lambar Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda manomanmu da masu aikin ƙarfi da tsofaffi masu ciwon gwiwa suke sha kullum, sau da yawa ma da wofin ciki. Yaji da yunwa suna tsananta zafin, amma ba su ne asali ba. Abin farin ciki, ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, kuma haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 kan kashe ta. Wanda ya tsaya a kan maganin kwantar da zafi kaɗai, gyambonsa kan yi ta dawowa.

To, me mai ƙwannafi zai yi a gida? Ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan maimakon ya cika ciki lokaci guda. Ya bar tazarar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Ya ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, kimanin santimita 15 zuwa 20, domin tara matasan kai ba ya wadatarwa. Kwanciya a gefen hagu ita ma tana rage tasowar asid. Mai teɓa ya rage ta, mai taba ya daina. A watan azumi, a sassauta soye-soye wajen buɗe-baki, kada kuma a koma gado da an ajiye cokalin sahur.

Game da magani, ruwan farin magani na kemis yana kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kawai. Omeprazole da danginsa suna rage asid ɗin kansa. Ana shan su kamar rabin awa kafin karin kumallo, galibi na mako 4 zuwa 8, ba shekara da shekaru ba sai da umarnin likita. Jiƙon kanwa da muka saba da shi yana ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa, wanda ke cutar da mai hawan jini da mai ciwon ƙoda. Madara kuma takan sanyaya, daga baya asid ya ƙaru. Masu juna biyu su tambaya a wurin awo kafin su sha komai.

Iyayenmu da 'yan'uwa, ga inda muka fi so a riƙe. Duk wanda abinci ke maƙale masa in ya haɗiya, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko yake ramewa ba dalili, to ya wuce kemis, asibiti zai nufa. Haka wanda ƙwannafi ke tasar masa sau biyu ko fiye a mako, domin asid da ya daɗe yana ƙona maƙoshi yakan ƙuntata shi, a wasu 'yan kaɗan ma ya kai ga daji. Zafin ƙirji kuwa mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, yana iya zama ciwon zuciya. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Roƙonmu shi ne kowa ya koma gida ya duba tsohonsa da ke shan maganin ciwon jiki kullum, da ɗan'uwansa da ya mai da farin magani kamar ruwan sha, ya raka shi a duba shi. Lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita.