Ganin Abin da Ɗalibi Ya Gina: Jawabi ga Malaman Fasahar Lantarki



Mu da muke koyar da fasahar lantarki mun daɗe da wata damuwa. Ɗalibi kan rubuta tsarin da'ira a takarda, mu duba, mu ba shi maki, alhali daga mu har shi babu wanda ya ga abin da rubutun zai haifar idan an gina shi.

Ƙwayoyin lantarkin da ke cikin wayoyinmu da rubutu ake fara tsara su, cikin harsuna na musamman. Biyu suka fi shahara: VHDL, wanda ma'aikatar tsaron Amurka ta assasa, hukumar IEEE ta daidaita shi a 1987, da Verilog, wanda ta daidaita a 1995. Wanda ya rubuta su yana siffanta ƙofofin lantarki ne da wayoyin da ke haɗa su.

Akwai manhajoji na kyauta da ake sarrafawa ta hanyar buga umarni a baƙin allon kwamfuta, waɗanda ke karanta irin wannan rubutu su mayar da shi bayanai masu tsari. Yosys, wadda Claire Wolf ta fara, na karanta Verilog, kuma da umarnin write_json takan fitar da jerin kowane sashe, da mashigansa da mafitansa, da kowace ƙofa da wayar da ta haɗa ta. GHDL kuwa ta VHDL ce. Ba su buƙatar intanet bayan an sauke su, kuma ƙaramar da'irar aji ba ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfuta ba.

Ga misali. Ɗalibi ya rubuta abin da da'ira za ta yi idan makunni na kunne, ya manta da abin da za ta yi idan yana kashe. A ido rubutun lafiya lau yake. Amma Yosys za ta sanya wata sakata mai riƙe tsohuwar ƙima, wadda ɗalibin bai nufa ba, kuma sunanta zai fito ɓaro-ɓaro a jerin. Malami mai ɗalibai sittin zai iya binciko wannan kuskure a dukkan ayyukansu cikin mintuna, ya mayar da sauran lokacinsa wajen bayyana musu dalili.

Manhaja ba ta san abin da ɗalibi ya yi nufi ba. Wannan hukunci namu ne. Abin da muke nema daga hukumomi shi ne kwamfutoci masu aiki, da wutar da za ta kunna su, da horo a lokacin aiki ba a hutunmu ba. Mu kuma a reshe, wanda ya iya ya zauna da wanda bai iya ba, kafin zangon karatu mai zuwa.